Akuyar Dillalai Tara

Ku matso kusa, ku ara mani kunnuwanku, in na gama zan mayar wa kowa da nashi. Mai tauna ya dakata da taunar, mai goyo ta jijjiga. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi, kuma da ni aka yi.

Ɗakina na Kaura, wanda aka kawo ni cikinshi ina amarya, rufin ƙasa ne a kan azara. A cikinshi na haihu bakwai, a cikinshi na yi takaba. Da ya fara yoyo kwano ɗaya nake tarawa, na koma uku, har ta kai in hadari ya taso daga gabas ba ni da abin zuba tuwo, duk kwanukan suna bakin aiki. Da kaka ta yi na kira magini. Ya hau, ya taka sau biyu, ya sauko a hankali yana salati. Ya ce gara ta gama da azarar, wanga ɗaki ba zai ga ƙarshen wata damina ba, sai dai a kwashe ƙasar a buga kwano, falle goma sha biyu.

Labari ya kai Shinkafi wurin ɗiyata. Ta aiko cewa in ba a rufe ɗakin ba kafin ruwan fari, mota za ta zo ta ɗauke ni, mijinta ya ware mani ɗaki mai siminti. Ku ji fa, gidan suruki. Mutumin da shekara ashirin in na hango shi tafe nake sake hanya, ban taɓa kurɓar ko ruwa a gabanshi ba, shi ne zan zauna ina cin hatsinshi yana jin tarina ta katanga. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kanshi. Amma na ce a raina gwamma ɗakin ya rufto mani.

Bayan Allah, abin da na dogara da shi jikana ne, ɗan babban ɗana, wanda ya tashi a hannuna. Maigida nake ce mishi, shi kuma ya ce mani amarya, irin wasan kaka da jika. A lokacin ya kusa talatin. Tun da zaman ƙauye ya yi wuya mutane suka dinga kwararowa gari, daga wajen Zurmi, daga wajen Badarawa, kowa na neman inda zai sa kanshi, sai duk saurayi mai baki ya zama dillalin gidaje da filaye. Nawa ma ya zama. Kuma ya yi kama da abin. Wasu ranaku sai ya fito cikin wata shuɗiyar shadda da ta sha sitaci har tana amo, waya biyu a hannu, ga tulin makullai a ƙugu, tun yana bakin lungu kana jin ƙararsu. Ya tsaya ƙofar gida yana ambaton miliyan kaza a waya, kaji na watsewa. Ya yi mani alkawari cewa ranar da ya sayar da gida na farko, ranar zan kwana ƙarƙashin kwano.

Ni kuwa na san la'ada. Shekara talatin ina dillancin zannuwa da tasoshi gida-gida kafin gwiwa ta hana ni. In na sayar da turmi, abin da ya hau kai nawa ne ni kaɗai, in ƙulle a haɓar zane in tafi. Sai na yi lissafi irin nawa: in turmin atamfa yana kawo kuɗin miya, gida guda mai zaure da rijiya me zai kawo? Matan unguwa ma haka suka lissafa. In sun shigo sai su ɗaga kai su dubi rufin, su dube ni, su ce ashe kakar masu kuɗi ma tana tara kwano.

Ana nan, na je suna Shinkafi. Ina zaune cikin mata ana tsinke zogale, wata ta ce yayanta yana da gida a Kaura, bayan tasha, ya fi shekara yana neman mai saye. Na riƙe maganar a ciki har na dawo, na juye wa maigidana ita tun kafin in cire mayafi. Bai yi wata biyu ba gidan ya tafi. Wani mai cinikin hatsi daga Moriki ya saya, zai dawo da iyalinshi gari.

A bakin mata na ji, ba a bakinshi ba. Ranar ya shigo ya ci tuwo, ya nemi ƙarin miya, ya yi ta yi mani hirar tsadar fetur. Na ce wato abin ya zo da ɓoyo. Na bar shi ya siɗe hannu, sannan na tambaye shi yaushe ake raba la'ada. Ya ce jibi da hantsi. Na ce da ni za a je.

"Amarya, rufa mani asiri. Mata ba su zama wurin."

"Matan da ke da haƙora kake faɗa, maigida. Ni na wuce nan."

Da ranar ta zo na ɗaura zanen fita, na biya ta shagon mai kayan gini, na sa ya nuna mani kaurin kuɗin falle ɗaya. Ban san rubutu ba, amma na san launin takarda, kuma yatsana ya san kauri. Daga nan na bi ƙarar makullai har gindin wani ɗurumi kusa da tasha, inda dillalai ke da benci biyu da tabarma.

Na tarar da taro kamar za a ɗaura aure. Na tambayi jikana ko gidaje nawa aka sayar. Ya ce ɗaya ne, yana kallon ƙasa.

Uban dillalan, wani dattijo mai jan gemu da goro a kunci, ya sa aka ba ni kujera. Ya gaishe ni gaisuwa mai kyau, ya tambayi jikoki da gwiwa. Sannan ya ajiye baƙar leda a tsakiyar tabarma, la'adar da mai sayarwa ya bayar. Na dubi kumburinta, zuciyata ta yi sanyi. A idona akwai falle goma sha biyu a ciki, da ƙusa, da ladan kafinta, har da sabon ƙyaure. Dattijon ya gyara murya.

"Ƙa'idarmu ɗaya ce tun kakanni. Duk wanda ƙafarshi ta taka ciniki, ko bakinshi ya taɓa shi, yana da rabo."

Aka ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don ban san abin da ke tafe ba.

Aka fara cire goron mai unguwa, aka cire na shaidu uku da ke zaune a gefe suna gyangyaɗi, aka cire na fetur ɗin ɗan kabu-kabu. Ban damu ba. Sai wani ya miƙe ya ce shi aka fara ba makullin gidan tun bara, ko da bai samo mai saye ba, ai shi ke buɗewa. Aka ba shi. Wani ya ce shi ne dillalin Moriki da ya samo mai sayen a kasuwar shanu. Aka ba shi. Wani direba mai ƙaton ciki ya ce shi ya ɗauko maganar daga Moriki ya kawo ta Kaura a motarshi. Na ce ashe magana ma kuɗin mota take biya, ina wayoyin da kuke riƙe da su? Ya ce ranar ba sabis. Aka ba shi. Mutum biyu suka miƙe tare, su ne suka riƙe bakin igiya biyu ranar awo, kuma nan take suka kaure da gardama, don ɗaya ya ce nashi bakin igiyar cikin kwata ya faɗa, ba zai karɓi daidai da wanda ya tsaya a inuwa ba. Aka ƙara mishi na sabulu.

Ina zaune ina kallon rufina yana tashi falle-falle kamar guguwa ta bi ta kanshi.

Sai wani siriri ya matso, wanda tun zuwana yake raɓe a gefe. Na tambayi aikinshi. Aka ce shi ne mai jan riga. Wai in ciniki ya yi zafi mai saye ya yi fushi ya kama hanya, shi ke binshi da gudu ya riƙo hannun rigarshi ya dawo da shi. A cinikin nan sau uku ya yi gudu, na ukun har bakin titi. Na dube shi na ga ba ƙarya, wannan kam ya yi aiki. Dattijon ya ɗauki nashi na inuwar ɗurumi, sannan ya tura wa jikana abin da ya saura, ya ce shi ne mai ciniki, nashi ya fi na kowa.

Kafin yaron ya kai hannu, wani ya dafa kafaɗarshi ya ce saura na riga. Na ce wace riga? A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Shuɗiyar shaddar nan ashe ta mutum biyu ce, karo-karo suka yi suka ɗinka, wanda zai gana da babban mai saye shi ke sawa. Tunda rigar ta je ciniki, mai rabinta ya je ke nan. Na juya na tambayi maigidana makullan fa, na wa ne? Ya ce nashi ne, a wurin 'yan gwangwan ya saya a kilo, guda biyu ne kawai ke buɗe wani abu, ɗaya ma na akwatina ne da ya ɓata bara. Ban tambayi waya ta biyu ba. Da kanshi ya ce ta mutu tun azumi.

Na karɓi rabonshi na auna da yatsa. Falle biyu, ba ƙusa.

Ban yi kuka ba. Na fara tunanin wane zane zan rufe fuska da shi a gidan suruki. Dattijon ya ce kada kowa ya tashi, ai saura la'adar mai saye, ga shi nan tafe. Kowa ya gyara zama.

Mai hatsin Moriki ya iso a bayan kabu-kabu, ya rungumo jar akuya a cinya. Ya sauka ya gaida jama'a, ya ce wallahi gidan ya cinye duk abin da ke hannunshi, hatsi bai tashi ba, ga abin da ya sawwaƙa. Ya miƙa igiyar. Ba wanda ya karɓa. Akuyar ramammiya ce, ƙahonta ɗaya a karye, ciki ya yi gefe-gefe. Ta dubi dillalai tara, dillalai tara suka dube ta, sai ta sunkuya ta fara cin baƙar ledar da aka gama rabon kuɗi a ciki.

Dattijon ya ce kun gani, wanga ciki duk leda ce, irin akuyoyin bola. Direba ya ce a yanka a raba. Mai makulli ya ce wa zai ɗauki kai, wa zai ɗauki fata? Wani ya ce a kai ta kasuwa a sayar. Sai dillalin Moriki ya ce a hankali, in aka kai ta kasuwa dillalan awaki za su ci la'ada, kuma kun san halinsu, mutum goma za su taru a kan akuya ɗaya. Duk suka girgiza kai suna tir da irin wannan hali. Aka ce to wani ya tafi da ita gida kafin a yanke shawara. Nan ma ba wanda ya yarda da wani. Mai jan riga ya ce zai riƙe, aka ce shi da ya fi kowa gudu.

Suna wannan ni kuwa akuyar ta matso kusa da kujerata. Na shafa bayanta kamar mai tausayi, na zura hannu ƙasan haƙarƙari, na taɓa hantsa. Wani abu ya shure ni a tafin hannu. Na ƙara dannawa ta ɗaya gefen, wani ya sake shuri. Mutanen nan za su gaya maka faɗin fili da ido daga kan babur, amma ba wanda ya taɓa tatsar akuya a cikinsu. Na ɗaga kai muka haɗa ido da mai hatsi. Ya mayar da nashi sama yana duban ganyen ɗurumi.

Na ce wa dattijon, Malam, maimaita mani ƙa'idar nan. Ya maimaita. Na tambayi jikana a gaban kowa wa ya fara gaya mishi akwai gida bayan tasha.

"Ke ce, Kaka." Ranar bai ce amarya ba.

"To bakina ya taɓa. Daga Shinkafi na ɗauko maganar, kuma ni na biya kuɗin motata."

Dattijon ya daina taunar goro. Ya ce gaskiya tsohuwa tana da rabo, ƙa'ida ba ta san mace ko namiji ba. Sai dai kuɗi sun riga sun shiga aljihu. Na dubi aljihunan, kowa ya ɗora hannu a kan nashi. Na ce ba na son a ta da abin da ya kwanta. Rabona na kuɗi na yafe, rabona a jikin akuya ma na yafe. Ku kawo ta in riƙe muku, ni ba ni da babur, ba inda zan gudu. Uwar taku ce ku tara, ranar da kuka shirya ku zo ku ɗauka. Ladan kiwona kawai, in Allah ya sa ta taɓa haihuwa, abin da ta haifa nawa ne.

Suka koma gefe suna ƙus-ƙus. Ina jin direba yana cewa an rage mutum ɗaya a rabo, kuma ga dusa kyauta. Suka dawo suna murmushi, aka ta da shaidu ukun nan daga gyangyaɗi suka shaida, aka shafa fatiha. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Da wani ya tambaye ni abin da ke cikin akuyar da na faɗa, ba wanda ya tambaya.

Na jawo ta har gida, maigidana na biye da mu, makullai na ƙara.

Kwana ashirin da wani abu ta haifi uku, maza biyu da mace. Dattijon ya zo da kanshi, ya tsaya tsakar gida ya daɗe yana kallonsu suna tsalle. Ya ce, "Ashe leda na haihuwa." Ya so a sake zama a kan maganar, amma shaidu sun riga sun ci kuɗin shaida, suka ce su abin da suka ji shi suka ji.

Sai dai 'yan awaki ba su girma don mutum na sauri, kuma gabas ta fara haɗa gira. Jikana ya sayo falle biyunshi. Kuɗin ƙusa ya gagara, sai ya kwance makullan ya mayar wa 'yan gwangwan, ya bar biyun nan masu amfani. Magini ya kwashe ƙasar da ke saitin gadona ya buga kwanon a wurin. Kwana uku da ruwan fari sai ga mota daga Shinkafi. Na dama wa direban fura, na ce ya koma ya gaida mutanen gida, ya ce musu an fara rufi. Ya leƙa ya ga falle biyu. Na ce mishi an fara ko ba a fara ba? Ya ce an fara. Ya tafi.

Haka na yi daminar nan a kan gado, ni da akuya da 'ya'yanta, don ita ma ta gane inda ba ya yoyo. A tsakiyar damina, wata rana bayan azahar ina ɓarar gyaɗa, ɗaya gefen ɗakin ya rufto, ya fasa randar da na zo da ita gidan aure. Na yi salati. Akuya ko tuƙa ba ta daina ba. Muka ɗinke buhunan taki muka ja a kan ramin, na hana kowa kai labari Shinkafi.

Da kaka taurayen biyu sun yi ƙiba da harawa. Ban kai su kasuwa ba, ni ma na ji tsoron dillalai. Jikana ya samo wani maƙwabci da matarshi ta haihu, ya zo har gida ya saya. Da mutumin ya fita sai yaron ya tsaya yana susar ƙeya, ya ce amarya, bakina fa ya taɓa. Na ƙirga mishi la'adarshi cif. Ya juya kuɗin a hannu, ya ce tun da ya fara dillanci bai taɓa riƙe la'adar da ba a raba ba. Na ce to sa a aljihu, kada ka bi ta gindin ɗurumi yau. Akuya ta sake haihuwa biyu, ɗiyarta ma ta fara. Falle-falle muka yi ta saye, kafin wata daminar goma sha biyu sun cika, na hau kujera na ƙirga da sanda.

Mai hatsi yana nan a gidanshi bayan tasha, in mun haɗu a hanya ya gaishe ni yana duban sama. Mai jan riga ya yi targaɗe wajen bin wani mai sayen fili da ashe da gaske tafiya yake, yanzu rake yake sayarwa. Masu igiya biyu har yau ba su ga maciji da juna a kan kwatar nan. Direba yana hanyar Zurmi, an ce ko gaisuwa ka ba shi ya kai sai ya tambayi nashi. Dattijon ya tsufa ƙwarai, amma duk wanda ya kawo la'ada da dabba yanzu sai ya sa an kira mace ta taɓa cikin. Jikana yana nan yana dillanci, ya yi aure, da damina yana noma gero a gonar ubanshi, kuma daga gonar ake cin tuwo. Shaddar ta zama tashi shi kaɗai, don ranar da ya shanya ta a gidana akuyar ta cinye hannu ɗaya, abokin ya ce a biya shi rabinshi ya fita.

Surukina bai taɓa jin tarina ba. Duk sallah yana zuwa ya tsaya daga zaure ya yi gaisuwa, in amsa daga bayan ƙyaure. Ni kuwa ina cikin ɗakina. Ba wanda ya gaya mani kwano zafi ne da shi haka, da bazara a zaure nake wuni, in ana ruwa kuwa ko kiran salla ba na ji.

Akuyar tana nan, haƙoranta sun zube kamar nawa. Har yau ta mutum tara ce, ba su gama shawara ba. Lokaci-lokaci ɗayansu yakan biyo ya duba lafiyar rabonshi, in ba shi ruwa ya sha, ya tafi.